Darasi na 9: Tafiya da Kwantak a Ido

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda kwantak yake zama a ido, da dalilin da ya sa tafiya take takura masa;
2. ambato abubuwa huɗu da suka fi jawo wa matafiyi ciwon ido: bushewa, barci, ruwa da dattin hannu;
3. lissafa yawan kwantak da ruwan wankinsa da za su ishe shi tafiya;
4. gane alamomin da ke nuna cewa a cire kwantak nan take a nemi likita.

GABATARWA

Mai sa kwantak idan yana gida, komai nasa a tsare yake. Ya san inda sabulu yake, ya san madubinsa, ya san lokacin da yake cirewa ya kwanta. Ranar da ya rataya jaka, sai tsarin nan ya wargaje. Motar da aka ce za ta tashi ƙarfe bakwai ba ta cika ba sai sha ɗaya. Gyangyaɗi ya sace shi tun kafin a kai Zariya. An tsaya salla a wani ƙauye, ruwan da ke akwai na buta ne, sabulu kuwa babu labarinsa. Shi ido bai san ana tafiya ba. Abin da yake buƙata a gida shi yake buƙata a hanya.

Ƙa'ida ɗaya ce za ta riƙa dawowa a wannan darasi: kwantak ba ya tafiya shi kaɗai, sai da tabarau a aljihu. Duk inda hanya ta hana ka kula da kwantak yadda ya kamata, ka cire shi ka koma tabarau.

1. YADDA KWANTAK YAKE ZAMA A IDO

Kwantak ɗan faifai ne siriri, mai haske kamar ruwa, wanda faɗinsa bai wuce milimita 14 da ɗan wani abu ba. Aikinsa ɗaya da na tabarau, wato gyara gani, sai dai shi a kan ƙwayar ido yake zama. Akwai mai ɗan tauri, akwai mai laushi. Mai laushin, wanda aka fi amfani da shi yau, wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Cekoslobakiya mai suna Otto Wichterle ne ya fara ƙera shi a shekarar 1961.

> AKWATIN MA'ANA
> Kwantak: tabaran manne da ake ɗorawa a kan baƙin ido don gyara gani ko don ado.
> Tantanin baƙin ido: fata mai haske kamar gilashi da ta rufe baƙin ido, ta cikinta haske yake shiga. Likitoci suna kiranta koniya.
> Ruwan kwantak: ruwan magani na musamman da ake wanke kwantak da shi, a kuma jiƙa shi a ciki ya kwana.
> Gidan kwantak: ɗan mazubi mai rami biyu da murfi biyu, na dama da na hagu.

Abu biyu za ka riƙe game da tantanin baƙin ido. Na farko, babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa yake da haske. Sauran sassan jiki jini ne yake kai musu iskar oksijin, shi kuwa daga iskar waje yake samun tasa, ta cikin hawaye. Na biyu, kwantak ba manne yake da gam ba. Yana iyo ne a kan ɗan siririn hawayen da ke lulluɓe da ido, kuma duk ƙiftawa ɗaya tana sabunta hawayen.

Ke nan kwantak baƙo ne da ya zauna tsakanin ido da iskarsa. Muddin akwai hawaye, akwai iska, akwai tsabta, zaman lafiya ake yi. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, sai baƙon ya fara zama kaya.

Kwantak mai laushi ya kasu bisa tsawon kwanansa: akwai na yini ɗaya, wanda ake yarwa da dare, akwai na mako biyu, akwai na wata ɗaya. Lissafin kwanakin yana farawa ne daga ranar da aka buɗe ledarsa. Na wata ɗaya da aka buɗe ranar 1 ga wata ya ƙare ranar 30, ko da sau biyar kacal aka sa shi.

2. BUSHEWA: JIRGI, NA'URAR SANYI DA HUNTURU

> AKWATIN MA'ANA
> Danshin iska: yawan tururin ruwa da ke cikin iska. Ana auna shi da kashi cikin 100.
> Hawayen kanti: maganin ɗigawa da ke jiƙa ido idan ya bushe.

Jiki ya fi sakewa idan danshin iska yana tsakanin kashi 40 zuwa 60. A cikin jirgin sama da ya lula, danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20, domin iskar da ake shigo da ita daga sararin sama busasshiya ce ƙayau. Kwantak mai laushi yana da ruwa a jikinsa. Idan iska ta tsotse ruwan, shi ma sai ya tsotsi na ido. Daga nan sai ka ji kamar an zuba maka yashi, gani ya riƙa dushewa yana dawowa.

Mutumin Arewa ba baƙon wannan yanayi ba ne. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar da ke tasowa daga hamada takan busar da leɓe da diddige har su tsage. Abin da take yi wa leɓe shi take yi wa ido. Ga kuma hazo, wanda yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shige ƙarƙashin kwantak, duk ƙiftawa sai ta goga tantanin ido.

Wani abin da ke ƙara bushewa shi ne kallon waya. Mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa waya ido sai ƙiftawar ta ragu sosai, shi kuma bai sani ba.

Abin yi:

- Ka kawar da bakin na'urar sanyi daga fuskarka, a mota ko a jirgi.
- Idan a adaidaita-sahu kake, ko kan babur, ko kusa da tagar mota, ka ɗora tabaran rana mai faɗi a kan kwantak.
- Ka riƙa shan ruwa, ka riƙa ƙiftawa da gangan.
- Ka ɗiga hawayen kanti, amma sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da kwantak. Maganin ɗigawa mai gusar da jan ido ba na wannan aiki ba ne.
- Idan ƙura ta shiga, kada ka murza. Ka wanke hannu, ka cire, ka ɗauraye da ruwan kwantak.

Misali na 1. Wata malamar makaranta za ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Likitanta ya ce kada kwantak ya wuce awa 10 a idonta. Ta sa shi ƙarfe 6 na safe. Yaushe ya kamata ta cire?

Awa 10 daga ƙarfe 6 na safe ita ce ƙarfe 4 na yamma agogon Nijeriya. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, ke nan ƙarfe 6 na yamma a can. Amma a duba yadda ranar za ta kasance: zaman jira a filin jirgi, tafiyar kusan awa biyar a busasshiyar iska, sannan layin duba fasfo. Da wuya ta samu wurin wanke hannu a natse a daidai lokacin. Mafita ita ce ta fito daga gida da tabarau, ta bar kwantak sai ta isa masauki ta huta.

3. BARCI

Idan ido yana rufe, iskar da ke isa tantanin baƙin ido takan ragu. Idan kuma akwai kwantak a kai, raguwar ta zama biyu. Hawaye ma ba sa zagayawa, tunda babu ƙiftawa. Sai ƙarƙashin kwantak ya zama wuri mai ɗumi da laima wanda ba a sharewa, irin wurin da ƙwayoyin cuta suke so. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa kwana da kwantak yana ninka haɗarin kamuwa da cutar ido sau shida zuwa takwas.

> AKWATIN MA'ANA
> Gyambon ido: miki da ƙwayoyin cuta suke yi a tantanin baƙin ido. Idan ya warke yakan bar farin tabo, wato hakiya, wadda ke tare gani.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas wadda take iya cin tantanin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka ba sai mutum ya daɗe yana sakaci ba, dare ɗaya yana iya isa.

Matsalar matafiyi ita ce ba ya niyyar barci. Barci ɓarawo ne, kuma mota shimfiɗarsa ce. Saboda haka tun a gida za ka yi wa kanka tambaya: a wannan tafiya, akwai yiwuwar in yi gyangyaɗi? Idan amsar e ce, tabarau za ka sa.

To idan an riga an yi barcin fa? Za ka farka ka ji kwantak ya kama ido kamar an liƙa. Kada ka fizge shi, domin yana iya tahowa da fatar tantanin. Ka ɗiga hawayen kanti, ka ƙifta, ka jira 'yan mintoci har ka ji yana motsi, sannan ka cire da tsabtataccen hannu. Ranar nan gaba ɗaya ka bar idon ya sha iska.

Misali na 2. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari zai bi motar dare daga Kano zuwa Legas, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000. Ƙaninsa ya raka shi tasha.

"Yaya, ba za ka cire abin idon nan ba?"

"Bar shi kawai, ai ni ba na barci a mota."

"Haka ka ce wancan karon, amma da ka dawo kwana uku idonka kamar gauta."

Ƙanin ne yake da gaskiya. Ko da Yaya bai runtsa ba, tsawon tafiyar ya zarce awannin da aka yarda kwantak ya yi a ido, kuma babu wurin wanke hannu a cikin mota. Lokacin cirewa shi ne a gida, kafin a fito.

4. RUWA

Wannan shi ne sashen da mutane suka fi mamaki. Mun saba da cewa ruwa shi ne tsabta. A wajen kwantak kuwa, ruwa haɗari ne, komai kyansa.

> AKWATIN MA'ANA
> Akantamiba: wata ƙanƙanuwar halitta da ido ba ya iya gani, tana rayuwa a ruwan famfo, rijiya, tanki, kududdufi, kogi da ƙasa.

Ruwan da ke da wannan halitta ana iya shansa a kwana lafiya. Amma idan ta maƙale a kwantak, ta samu ɗan ƙarce a tantanin ido, sai ta shige ciki. Ciwonta yana da zafi ƙwarai, maganinsa yakan ɗauki watanni, wani lokaci sai an yi dashen sabon tantani, wani kuma ganin yakan tafi. Tana kuma iya dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri, ta jure wa sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa. Ban da wannan, ruwa yana kumbura kwantak mai laushi, ya sauya masa siffa har ya kama ido.

Saboda haka, ba a wanke kwantak ko gidansa, ba a kuma jiƙa shi, da ɗayan waɗannan:

- ruwan famfo, na rijiya ko na burtsatse;
- ruwan leda da na gora, domin an tace su ne don sha;
- ruwan gishirin da aka haɗa a gida;
- miyau. Bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cutar da ba sa damun baki, amma suna ɓarna a ido.

Kafin wanka ko iyo, a cire kwantak. Wajen alwala kuwa, a runtse ido sosai yayin wanke fuska, sannan a tsane ruwan gashin ido kafin a buɗe. Idan ruwa ya fantsama ciki, a cire: na yini ɗaya a yar, na wata a wanke shi a jiƙa cikin ruwan kwantak tsawon lokacin da aka rubuta a kwalbar.

Misali na 3. Wata ɗaliba ta je bikin ƙawarta a wani gari, sai da dare ta ga ta manto ruwan kwantak. Wata daga cikin ƙawaye ta ce, "Ki zuba shi a murfin kwalba da ruwan leda mana, zuwa safe ai ba komai." Me za ta yi?

Ta cire shi ta yar, ta sa tabarau. Kuɗin kwantak guda biyu ba su kai kuɗin jinyar wata uku ba, balle a yi maganar ido. Idan ba ta son yarwa, ta ajiye shi a busasshen gidansa, kada ta mayar da shi ido sai ta nuna wa likita.

A wurin biki akwai wani tarkon kuma: kwantak mai launi na ado, wanda ake saye a shagon kayan kwalliya, har a riƙa aron juna. Shi ma kayan asibiti ne, sai an auna ido kafin a sa, kuma ba a aronsa, kamar yadda ba a aron buroshin baki. Araha ba ta ado. Game da kwalliya, a fara sa kwantak kafin a shafa komai, a kuma fara cire shi kafin a goge. Kwalli da ake zizarawa a cikin fatar ido yana ɓata kwantak, gara a haƙura da ɗaya ranar da aka sa ɗayan.

5. HANNU

Hannun matafiyi ya taɓa kuɗi, ƙofar mota, igiyar jaka da hannun jama'a. Wataƙila ya ci kilishi ko tsire a hanya. Wanda ya taɓa cire kwantak da ragowar yaji a yatsa ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Matakan su ne:

1. Ka wanke hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.
2. Ka tsane shi sarai da tsabtataccen tawul ko takardar goge hannu. Jiƙaƙƙen hannu yana kai ruwa ga kwantak.
3. Ka shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a gabanka don kada ya faɗi ƙasa. Idan a gaban kwamin wanke hannu kake, ka toshe ramin.
4. Kullum ka fara da idon dama, don kada ka musanya su.
5. Ka ɗora shi a tafin hannu, ka ɗiga ruwan kwantak, ka murza a hankali da yatsa, ka ɗauraye.
6. Ka zuba sabon ruwa a gidansa. Ba a yin ciko a kan na jiya, domin ƙarfinsa ya ƙare.

Da safe, bayan ka sa kwantak, ka zubar da ruwan gidan, ka ɗauraye shi da ruwan kwantak, ka kife shi a buɗe ya bushe. Gidan kansa ana sauya shi duk bayan wata uku. Man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol ba ya cire yaji ko maiƙo, kuma idan bai bushe ba yana ƙona ido, don haka ba ya maye gurbin sabulu.

Kada ka sa ko ka cire kwantak mota tana tafiya. Rami ɗaya ya isa ya tura farce cikin ido.

6. HAƊA GUZURI

Kayan ido a jakar hannu suke tafiya. Babban akwati yana iya yin ɓatan kai, ko ya iso bayan kwana uku. Ga abin da za ka sa:

- tabarau mai lambar idonka ta yanzu, cikin gidansa mai tauri;
- kwantak na tsawon tafiya, da ƙari;
- ƙaramar kwalbar ruwan kwantak da sabon gida;
- hawayen kanti, ɗan sabulu, takardar goge hannu da ƙaramin madubi;
- takardar lambar ido, da hotonta a waya.

> AKWATIN MA'ANA
> Takardar lambar ido: takardar da likita ya rubuta ma'aunin kwantak ɗinka. A jikin kwalin kwantak za ka ga PWR ko SPH, wato ƙarfinsa, sai BC, wato lanƙwasarsa, misali 8.6, da DIA, wato faɗinsa, misali 14.2. Lambar tabarau daban, ta kwantak daban.

Tun shekarar 2006, yawancin filayen jiragen sama na duniya ba sa barin a shiga jirgi da abu mai ruwa a kwalbar da ta wuce mililita 100, kuma a kan so a haɗa kwalaben cikin leda mai haske. Don haka ka sayi ƙaramar kwalba ta tafiya, ka sa babbar a akwati. Kada ka juye ruwan kwantak a wata kwalbar da ka wanke, domin da zarar ya bar kwalbarsa tsabtarsa ta tafi. Ka ɗaure murfi tam ka sa a leda, saboda sauyin matsin iska a jirgi yana sa kwalba yoyo. Kada kuma ka bar kayan a motar da ke ajiye a rana.

Akwai wani nau'in ruwan kwantak mai sinadarin haidurojin feroksaid, wanda bakin kwalbarsa yakan zo da jan launi. Yana wanki sosai, amma sai kwantak ya yi aƙalla awa shida cikin gidansa na musamman kafin ruwan ya huce. Wanda ya sa kafin nan zai ji kamar wuta. Gidan kuma a tsaye yake zama, idan ya kwanta sai ya zube. Wannan nau'i ya fi dacewa da masauki, ba da jakar da ake jijjigawa ba.

Idan da hali, kwantak na yini ɗaya ya fi sauƙi ga matafiyi: babu wanki, babu gida, babu kwalba. Amma sauya nau'i sai da gwajin likita, kuma a gwada shi a gida mako ɗaya ko biyu kafin tafiya. Sabon takalmi ma ba a fara sa shi ranar doguwar tafiya.

Misali na 4. Wata Hajiya za ta yi tafiyar kwana 35. Tana sa na yini ɗaya, kuma lambar idonta na dama ta bambanta da ta hagu. Kwali ɗaya yana da guda 30. Kwali nawa za ta saya?

Kowane ido: 35, a ƙara 7 na ko-ta-kwana saboda jinkirin jirgi ko yagewa, 35 + 7 = 42. Kwali ɗaya bai isa ba, sai biyu. Ido biyu, 2 × 2 = kwali 4. Ta rubuta "dama" da "hagu" a jikinsu da babban baƙi, ta kuma sa su a jakar hannu.

Misali na 5. Wani zai yi Umara ta kwana 14 da kwantak na wata. A ɗauka yana amfani da mililita 10 na ruwa a rana: 14 × 10 = mililita 140. Wannan ya haura 100. Sai ya riƙe ƙaramar kwalba ta mililita 60 a hannu, wadda za ta kai shi kwana 6 ko da akwati ya makara, babbar kuma ta bi akwati.

7. KWANAKIN AIKIN HAJJI

Aikin Hajji ya tattara duk abin da muka karanta a wuri guda. Ranar 8 ga Zulhajji ana fita Mina, ranar 9 ana yini a Arfa, a kwana a fili a Muzdalifa, ranar 10 a koma jifa. Ga zafi: a watan Yunin 2024 ma'aunin zafi a Makka ya haura digiri 51. Ga ƙura, ga na'urorin da ke fesa ruwa a kan mahajjata, ga layin banɗaki, ga barcin gajiya da ke ɗaukar mutum a zaune. A cikin cunkoso kuma cututtukan ido masu yaɗuwa, irin su afolo, suna saurin kama jama'a.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a yi waɗannan kwanaki da tabarau, a ɗaura masa igiya a wuya don kada ya faɗi a turmutsitsi, a kuma riƙe na biyu a jaka. A bar kwantak sai an koma masauki a Makka ko Madina, inda akwai famfo da natsuwa. Mai son shafa ruwan Zamzam a idonsa don neman albarka, ya yi a lokacin da babu kwantak a ido. Sabulu marar ƙamshi da alhazai suke saye saboda harami ya dace da wanke hannu kafin taɓa kwantak, tunda ba ya barin turare a yatsa.

8. ALAMOMIN HAƊARI

Kowace safiya, bayan ka sa kwantak, ka dubi madubi ka yi tambaya uku: Idona fari ne? Ina jin daɗinsa? Ina gani sarai? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, ka cire.

Ka nemi likitan ido a ranar, ko a wane gari kake, idan ka ga ɗayan waɗannan:

- zafi ko suka da bai tafi ba bayan an cire kwantak;
- jan ido da ke ƙaruwa;
- kasa kallon haske;
- gani ya dushe;
- kwantsa ko hawaye ba tsayawa;
- farin ɗigo a kan baƙin ido.

Kada ka ce sai ka koma gida. Kada ka sayi maganin ɗigawa a kyamis da ka, domin wasu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja amma yana ƙara wa gyambo ƙarfi. Kada a ɗiga nono, ruwan albasa, ruwan sukari ko wani jiƙo. Ka tafi da kwantak ɗin da gidansa, saboda likita yana iya gano ƙwayar cutar daga jikinsu. Ka kuma faɗa masa tun farko, "Likita, ina sa kwantak," domin wannan magana tana sauya irin binciken da zai yi. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi suna da sashen ido.

TAƘAITAWA

- Tantanin baƙin ido daga iska yake numfashi, kwantak kuma a kan hawaye yake iyo.
- Jirgi, na'urar sanyi da hunturu suna busar da ido.
- Ba a barci da kwantak, ko gyangyaɗi ne.
- Ruwan kwantak kaɗai ke taɓa kwantak.
- Hannu sai an wanke an tsane.
- Kayan ido a jakar hannu, tabarau kuma a kusa. Inda ka yi shakka, ka cire.

TAMBAYOYIN BITA

*A. Cike gurbi*

1. Tantanin baƙin ido yana samun oksijin daga ________.
2. Kwalbar ruwan da ake shiga jirgi da ita ba ta wuce mililita ________.
3. Ana sauya gidan kwantak duk bayan wata ________.
4. Farin tabon da gyambon ido yake bari shi ake kira ________.

*B. Gaskiya ko ƙarya? Kawo dalili.*

5. Ruwan gora yana da tsabta, don haka ana iya jiƙa kwantak a ciki.
6. Kwantak na wata ɗaya zai iya kai wata biyu idan ba kullum ake sa shi ba.
7. Lambar tabarau ita ce lambar kwantak.
8. Gyangyaɗin rabin awa a mota ba ya cikin barcin da aka hana.

*C. Amsa a taƙaice*

9. Me ya sa iskar cikin jirgi take damun mai kwantak?
10. Ka farka ka ji kwantak ya kama idonka. Jera abin da za ka yi bi da bi.
11. Ambaci alamomi huɗu da ke sa a nemi likita a ranar.

*D. Lissafi*

12. Wani zai yi tafiyar kwana 21 da kwantak na yini ɗaya, idanunsa lamba ɗaya ne. Yana son ƙarin na kwana 5. Guda nawa yake buƙata? Kwali nawa mai guda 30 zai saya?
13. Wata ta sa kwantak ƙarfe 8 na safe a Kano, iyakarta awa 9. Ƙarfe nawa za ta cire a agogon Saudiyya?

*E. Aikin aji*

14. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama matafiyin da zai bi mota daga Kano zuwa Maiduguri da hunturu, ɗaya ya zama ɗan'uwansa mai taya shi haɗa jaka. Ku rubuta jerin kayan ido da za a ɗauka, ku yanke shawara ko da kwantak za a fita daga gida ko da tabarau, sannan ku bayyana wa aji dalilinku.